DUNGEONS & DRAGONS: Wasan da baki ke yanka wuya

Duk wanda ya kalli fim ɗin Dungeons & Dragons: Honor Among Thieves na 2023 da wuya ya manta da sin ɗin maƙabarta. Chris Pine, wanda ya fito a matsayin Edgin, shi da tawagar sa su na neman wata hular yaƙi mai tsafi, kuma ba wanda ya san inda ta ke sai wasu mayaƙa da su ka daɗe da mutuwa. Su ka tono gawa, matsafin su Simon ya tashe ta. Sharaɗin shi ne tambaya biyar kacal za ta amsa, daga nan ta koma ta kwanta. Gogan naku Edgin bai iya bakin sa ba. Ya juya ya na tambayar abokan sa, ita kuwa gawa duk abin da ta ji mai kama da tambaya sai ta amsa. Kafin ya ankara biyar ta cika, ba su tsira da komai ba. Sai sabon tono!

Mu wautar sa ce ta ba mu dariya. A Amurka kuwa akwai waɗanda dariyar su ta fi tamu, domin irin haka ta sha faruwa da su a kan tebur. Ashe fim ɗin daga wani wasa aka ciro shi, kuma dokar tambaya biyar ɗin nan ta na cikin littafin wasan.

Gary Gygax da Dave Arneson ne su ka fitar da wasan a 1974. Ba na kwamfuta ba ne. Abokai huɗu ko biyar ne za su zagaye tebur, kowa da takardar da ke ɗauke da bayanin jarumin sa: ƙarfin sa, wayon sa, iya lallami, iya sanɗa. Mutum ɗaya, wanda su ke kira Dungeon Master, shi ne mai jan labari. Ka ɗauke shi a matsayin darakta, marubuci, kuma shi ne bos da duk sauran ƙananan 'yan wasa. Babu sikirif. Zai ce, "Kun iso ƙofar fada, dogarai biyu na tsaye." Sai ya yi shiru. Yanzu kuma ya rage naka.

To a nan ne ake gane gwani. Wanda ya iya zai faɗi abu biyu: abin da ya ke so, da yadda zai yi shi. Misali: "Ina so in shiga ba tare da faɗa ba. Zan gyara riga ta, in ce masu ni ɗan aiken sarkin maƙwabta ne, in nuna masu zoben da mu ka tsinta." Daga nan mai jan labari zai auna. In abin mai sauƙi ne, sai ya ce ka wuce. In ba zai yiwu ba sam, ya gaya maka. In kuwa ana iya dacewa ana iya faɗuwa, sai ya ce ka jefa dayis.

Dayis ɗin ba irin na ludo ba ne mai fuska shida. Wannan fuska 20 gare shi. Mai jan labari zai yanke lamba gwargwadon wahalar aikin. A dokokin bugu na biyar na 2014, 10 abu ne mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya, 30 kuwa kusan ba ya yiwuwa. A ce ya yanke 15, jarumin ka kuma ya na da ƙarin 3 a fannin yaudara. Ke nan sai ka jefa 12 ko sama. Fuska tara cikin ashirin, wato kashi 45 cikin ɗari. Ka ga ko rabi ba ka kai ba.

Wannan lissafin ne ya sa na ke mamakin 'yan wasan da ke gaggawar neman dayis. Akwai su da yawa, kuma rigimar su da masu jan labari ta daɗe. Da an ce ga ɗaki, ba za su ce komai ba sai, "Zan jefa na bincike." Bincike a ina? Ƙarƙashin gado, ko bayan labule? Da hannu za ka taɓa akwatin ko da sanda? In akwai allura mai dafi a jikin makullin, ai amsar nan ita ce tsakanin rai da mutuwa. Wanda ya ce ya ɗaga katifa, kuma wasiƙar da ake nema ta na nan ƙarƙashin katifar, ya same ta ba tare da jefa komai ba. Shi kuwa mai rokon dayis da kan sa ya kai kan sa inda zai iya faɗuwa. Kuma da ya faɗi, sai na kusa da shi ya ce shi ma zai gwada, na gaba ma haka, har sai wani ya dace. Labari ya mutu, an koma ludo.

A yi adalci dai, su ma su na da hujja. Ba kowa Allah ya ba baki ba. Yaro mai kunya da ya zaɓi jarumi mai zaƙin harshe, ba daidai ba ne a ce sai ya tsara zance kamar ɗan wasan kwaikwayo kafin a bar shi ya ci nasara. Ai ba a ce wa mai jarumi ƙaƙƙarfa ya ɗaga tebur. Sannan tun bugu na uku na shekarar 2000 aka jera fannonin gwaninta reras a kan takarda, dole ido ya riƙa zuwa can. A bugun farko babu irin wannan jerin, shi ya sa 'yan wasan da ke yawo da doguwar sanda su na zungurar ƙasa don gudun tarko. A gani na maganin mai sauƙi ne: ba sai ka yi aktin ba, amma ka faɗi dabarar ka. "Zan tsorata shi da sunan maigidan sa" ya wadatar.

Masu shirya fim ɗin sun san wannan sarai. Ɗaya daga daraktocin, John Francis Daley, tun ya na yaro ya taɓa fitowa ya na buga wasan a shirin talbijin na Freaks and Geeks. Ku tuna sin ɗin gada, inda Xenk ke ta dogon bayanin duwatsun da za a taka da waɗanda ba za a taka ba. Bai gama ba Simon ya ɗora ƙafa, gada ta rufta. Haka abin ya ke a tebur: ka ce ka taka, to ka taka, ba a cewa "kot" a sake ɗauka.

Masu bin Stranger Things kuma sun ga haka tun fitowar farko a 2016. Mike ne ke jan labari, dodo ya bayyana, Lucas na cewa Will ya harba wuta, Dustin na cewa ya kare kan sa. Sai da Will ya zaɓa da bakin sa sannan ya jefa. Ana neman 13, dayis ya gangara ƙasa, daga baya ya gaya wa Mike gaskiya cewa 7 ce ta fito. A daren nan ya ɓace.

Wanda ke son ganin ƙwararru sai ya nemi Critical Role, shirin da wasu masu sa murya a katun su ka fara watsawa a intanet a 2015, Matthew Mercer na jan labari. A 2019 masoyan su sun tara masu sama da dala miliyan 11 don a maida labarin katun, aka yi The Legend of Vox Machina da ya fito a 2022. Mercer na da wata al'ada: in dayis ya nuna cewa sarar ka ce za ta gama da bos, ba ya faɗin yadda abin ya kasance. Sai ya dube ka ya tambaye ka yadda ka ke son yin ta. Tebur ya kaure da ihu, sannan kowa ya yi tsit, a bar ɗan wasa ya tsara sin ɗin da bakin sa.