Bin sawun takardun sakin aure a ƙasar Kano

A garuruwa irin su Lajawa, cikin ƙaramar hukumar Wudil ta jihar Kano, sau da yawa sai an zo rabon gado ko tantance zuriya ake tambayar shin marigayi ya saki wance kafin rasuwarsa.

Tambayar dai ba ƙarama ba ce. A mazhabar Malikiyya, matar da aka yi wa saki na kome tana da gado muddin mijin ya rasu tana cikin idda. Idan kuwa iddar ta cika ba ta da shi, sai fa in a ciwon ajali ya sake ta.

Matsalar ita ce akasarin saki ba ya zuwa gaban alƙali. Miji kan furta da baki, ko ya rubuta takarda ya miƙa wa matar ko waliyyinta. Don haka a gida ake fara nema, cikin adakar tsofaffi da kuma bakin dattawan da suka shaida.

Abin da ake samu a kotu shi ne auren da aka yi jayayya a kansa, wato hul'i, ko ƙarar rashin ciyarwa, ko rikicin riƙon 'ya'ya.

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, kotunan alƙalai sun koma ƙarƙashin En'e, inda aka riƙa rubuta shari'u cikin kundi da Larabci. Wasu daga cikin shari'un majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 ma an fassara su zuwa Turanci, masanin tarihi Allan Christelow ya wallafa su a 1994.

A 1968 aka raba kotunan da En'e suka koma hannun gwamnatin jiha, sannan a 2000 Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Waɗannan sauye-sauye na cikin dalilan da suka sa kundayen ba su taru wuri guda ba.

Mai nema daga Lajawa zai fara ne da magatakardar kotun shari'a a Wudil, ɗauke da sunayen ma'auratan da na iyayensu, da shekarar da aka yi ƙarar. Idan takardar ta zamanin Turawa ce, sai ya nufi Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Kano, ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Yana da kyau a tafi da wanda ya iya karanta rubutun Larabci na hannu, ya kuma san lissafin Hijira. Sannan a tuna cewa kundin kan ƙunshi sirrin mutanen da jikokinsu ke raye, don haka ba duk abin da aka karanta ake faɗa a dandali ba.