Rumbun Sauti Marar Hayaniya: Zaɓen Na'urar Adana Waƙoƙin Baka a Gida a Birnin Katsina

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin yadda manazarcin waƙoƙin baka da ke zaune a birnin Katsina zai zaɓi kayan haɗa rumbun sauti na cikin gida, wato ƙaramar kwamfuta mai adana waƙoƙi ta kuma kunna su da ingancin da aka ɗauke su. An nuna cewa zafi da ƙura da yankewar lantarki su ne ma'aunan zaɓen, kuma na'ura mai ƙarancin shan wuta ita ce ke magance su ukun a lokaci guda.

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Katsina ta yi fice wajen makaɗan baka. Daga cikinta aka sami Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Muhammadu Sarkin Taushin Sarkin Katsina. Abin da ya rage na muryoyinsu yana warwatse a faya-fayan garmaho da kaset-kaset da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da kuma memorin wayoyi. Kaset na tsufa, zarensa na saki. Waƙar da ta bi ta hannun masu turawa a kasuwa kuwa, galibi an matse ta zuwa tsarin MP3, an zubar da wani kaso na sautinta wanda ba ya dawowa. Manazarcin da zai rubuta matanin waƙa yana bukatar wuri guda da zai tara mafi ingancin abin da ya samu, ya kuma saurare shi ba tare da na'urar ta tsoma baki ba.

2.0 Matsayin Shiru a Nazari

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma yana bambanta baƙaƙen da suke kusa da juna. Tsakanin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ɗan motsin maƙogwaro ne kawai, amma shi ke sauya ma'anar ɗa a waƙa. A tsohon kaset, wannan bambanci yana nutse a ƙarƙashin kiɗan kalangu da muryoyin 'yan amshi da huci irin na zaren kaset. Idan fankar kwamfuta ta ƙara nata hucin, abin da ya rage sai ya ɓace, mai rubutu ya koma cike gurbi da zato. Kuskuren da aka yi a nan shi ke shiga kundin digiri, daga can ya yaɗu. Saboda haka shirun na'ura sharaɗi ne na ingancin matani.

3.0 Kwamfutar: Zafi, Ƙura da Fanka

A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan zo da ƙura mai laushi. Babbar kwamfutar tebur tana sanyaya kanta ne da fanka. Fankar na zuƙo ƙura ta lulluɓe kayan ciki, zafi ya ƙaru, ita kuma ta ƙara gudu da ƙara. Maganin wannan kewaye shi ne a zaɓi na'urar da tun asali ba ta haifar da zafi mai yawa.

Kunna sauti aiki ne mai sauƙi ga kwamfuta. Ƙaramar na'urar Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, tana ɗaukarsa ba wahala, kuma wutar da take sha tana tsakanin wat 3 zuwa 7, alhali ta tebur kan sha gomomi. Idan aka sanya ta cikin akwatin alminiyon mai kauri, jikin akwatin ne ke fitar da zafin, ba fanka. Takan rage gudunta da kanta idan zafin cikinta ya kai wajen digiri 80, abin da kunna waƙa ba ya cika kai ta gare shi muddin an ajiye ta a inuwa, inda iska ke ratsawa. Akwai manhajoji irin su Volumio da moOde da ke ba da damar sarrafa ta daga wayar hannu. Ƙaramar kwamfuta marar fanka ta wani kamfani ma za ta yi. Abin lura shi ne kada a sami komai mai juyawa a cikinta.

4.0 Ma'ajiya da Lissafinta

Girman ma'ajiya ya danganta ne da ingancin ɗauka. Sautin faifan CD yana cin kimanin megabait 10 a minti guda. Ƙungiyar ma'ajiyan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a kwafe tsofaffin kaset a ma'aunin kilohaz 96 da bit 24, wanda ke cin kusan gigabait 2 a awa. Ke nan kaset mai minti 90 zai ci wajen gigabait 3, terabait ɗaya kuma zai ɗauki kaset sama da 300. Tsarin FLAC yana rage girman fayil sosai ba tare da ya zubar da komai na sautin ba, don haka ya dace da saurare na yau da kullum, a bar asalin kwafin a tsarin WAV.

Ma'ajiya iri biyu ce. Mai faifai tana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, tana gunji, musamman idan an ɗora ta a kan teburin katako. Ta SSD ba ta da abin motsi, ba ta da ƙara, ita ce ta cancanci zama a ɗakin saurare. Sai dai SSD tana da rauni guda: idan aka bar ta tsawon lokaci ba wuta, musamman a wuri mai zafi, bayanan cikinta na iya gushewa. Don haka kwafin ajiya ya fi dacewa da mai faifai. Ƙa'idar ma'ajiya ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

5.0 Wutar Lantarki

Katsina na ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na KEDCO, kuma ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a duk faɗin ƙasar. Yankewar wuta bagatatan kan lalata katin memorin da manhajar ke kansa. Janareto kuwa ƙararsa kaɗai ta rushe manufar. A nan ne ƙarancin shan wuta ke sake yin rana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, ko da rabinsa aka yi amfani da shi, zai riƙe na'ura mai shan wat 6 kimanin awa 100, ban da abin da amfilifaya ke sha. Ƙaramin farantin sola ya isa ya mayar da shi.

Akwai kuma hayaniyar da ke shiga ta waya. Lantarkin Nijeriya na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan haɗin waya bai yi kyau ba sai a ji gurnani a lasifika. Inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, takan ƙara zuza a kai. Mafita ita ce a ciyar da kwamfutar kai tsaye daga batir ta hanyar na'urar rage ƙarfi zuwa bolt 5, ko a nemi inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, a kuma ajiye ta a wani ɗaki domin ita ma tana da fanka.

6.0 Mashiga da Mafitar Sauti

Kafar sautin da ke jikin ƙananan kwamfutoci ba ta da inganci. Ana bukatar na'urar DAC, mai mayar da lambobi su koma sauti, a haɗa ta da USB, sannan a sami lasifikar kunne mai rufe kunne gaba ɗaya don aikin rubuta matani. Muhimmin wurin kashe kuɗi shi ne mashiga: rikoda mai lafiya, wadda aka goge kanta aka daidaita shi, da kuma na'urar ɗaukar sauti zuwa kwamfuta. Abin da rikoda ta kasa karantowa daga zare, babu na'urar da za ta ƙirƙiro shi daga baya. Ya kamata kowane fayil ya ɗauki sunan makaɗi da sunan waƙa da inda aka samo kaset da ranar kwafewa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa rumbun sautin da ya dace da Katsina shi ne ƙaramar kwamfuta marar fanka, da ma'ajiyar SSD don saurare, da mai faifai don ajiya, da batir mai sola, da DAC da rikoda masu nagarta. Sassan nazarin Hausa, irin na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, za su amfana idan manazarta suka bi ma'auni guda wajen kwafewa, domin abin da kowa ya tara a gida ya yiwu a haɗa shi wuri ɗaya tun kafin kaset ɗin da suka rage su gama lalacewa.