Wa Zai Saurari Wanda Yaƙi Ya Hana Barci?

A watan Yulin 2022 rikicin filaye ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Nilul Azrak ta Sudan, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Ba a gama share hawaye ba sai ga yaƙin Afrilun 2023, dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan suka kama birnin Wad Madani na jihar Jazira a Disamba. Sojoji sun ƙwato birnin a Janairun 2025. Mutane na komawa gonakin Jazira, amma ba da zuciyar da suka fita da ita ba.

A cikin gida ake ganin tabon. Yaro ya koma fitsarin kwance. Magidanci na zabura da an buga ƙofa, sannan ya huce kan iyalinsa. Matar da aka ci wa mutunci ta daina shiga taron suna, kuma ba wanda ta faɗa wa dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5 a yankunan yaƙi na fama da lalurar ƙwaƙwalwa irin wannan.

Ina za su nufa? Likitocin ƙwaƙwalwa dama kaɗan ne, akasarinsu a Khartum da Omdurman, yaƙi kuma ya tarwatsa su. Ga tsoron kada a ce wane ya taɓu. Ga harshe: tsohuwar da ke ciniki da Larabci a kasuwar Sinnar, in za ta amayar da abin da ke cinta, da Hausa za ta yi.

Shi ya sa malami ake fara nema, a yi rubutu da tofi, ko dattawan judiyya, masu sulhun gargajiyar Sudan. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, bai raina wannan hanya ba, ya yi aiki tare da shehunnai. Sai dai "ku yi haƙuri" kaɗai ba ya warkar da firgici, kuma ba ya kare matar da ake duka.

Tun 2008 Hukumar Lafiyar ke da shirin mhGAP na koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka. Irin horon da ungozoma, liman da malamar Islamiyya ke buƙata ke nan a ƙauyukan Hausawa: su saurara, su riƙe sirri, su kuma tura mai maganar kashe kansa, ko wanda ya daina ci da barci, zuwa asibiti a Wad Madani ko Damazin tun da wuri.