Launin ganye a lokacin kaka: yaushe ya kamata a nufi Tozai?

Duk shekara da zarar Oktoba ta kama, hotunan dazuzzukan Amurka da Kanada da Japan sukan cika Facebook da WhatsApp: itatuwa sun yi jajawur, wasu ruwan ɗorawa, wasu ruwan goro. Musu kuwa ba ya ƙarewa a ƙarƙashinsu. Wasu su ce kwamfuta ce ta rina, wasu su ce ai ƙasar da Allah ya yi wa albarka ke nan, mu namu itatuwan bushewa kawai suka iya tun da hamada ta ci mu. Maganganun biyu duk ba su kan hanya. Launin na gaskiya ne, har mutane kan tsara tafiya musamman don ganinsa, a jihar Bamont ta Amurka daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, a birnin Kiyoto na Japan kuma a rabin Nuwamba na biyu. Ƙasar Sakkwato ma tana da nata sauyin ganye a lokacin kaka, kuma karkarar Tozai, a ƙaramar hukumar Illela kusa da iyakar Nijar, wuri ne da ake iya ganinsa sarai.

Abin da ke sa ganye kore wani sinadari ne da ake kira kulorofil, wanda da shi itace ke haɗa abincinsa daga hasken rana da ruwa da iska. Idan lokacin zubar da ganye ya matso, itacen yakan wargaza wannan sinadari, ya janye abin da ke da amfani a cikin ganyen zuwa reshe da gindi da saiwa. Da koren ya gushe sai ruwan ɗorawar da tun asali yake ɓoye a ƙarƙashinsa ya bayyana, wato dangin sinadarin da ke ba karas da manja launinsu. Ja kuwa sabo ne, ganyen ke ƙirƙirarsa daga sukarin da ya maƙale a cikinsa. Danginsa ne ke cikin zoɓo, da kuma karan dafin da majeman Sakkwato suka daɗe suna rina jar fata da shi. A ƙarshe wani siririn layi yakan toshe mahaɗar ganye da reshe, iska kaɗan ta kaɗa, ganye ya faɗi.

Bambancin yana wajen abin da ke ba itace umarnin farawa. A Bamont yini yakan kai awa 15 da rabi a watan Yuni, ya koma ƙasa da awa 9 a Disamba, ga sanyin ƙanƙara yana tafe. Wannan gajarcewar yini da sanyin dare su ke sa daji guda ya juya kusan lokaci ɗaya, su ke kuma ƙara wa jan ƙarfi. A Illela tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta wuce kamar awa ɗaya da rabi ba. Tana da aikinta, don da ita dawar gargajiya da maiwa ke sanin lokacin fitar da kai, amma babban mai ba da umarni a nan shi ne ruwa. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba. Ganye ta ƙananan ƙofofinsa yake fitar da ruwa duk yini, saboda haka itacen da zai rayu cikin watanni bakwai ko takwas na rani dole ya rage ganyensa. Shi ya sa sauyin nan yake zuwa daki-daki: na kan fako da tudu su riga, na bakin fadama su jinkirta, wasu ma ba sa yi sam.

Wanda ke neman launi sai ya dubi geza. Ita ce ke rufe tuddan marmara, kuma bayan ɗaukewar ruwa ganyenta yakan rikiɗe daga kore zuwa ja-ja mai kama da tsatsa, har gefen tudu guda ya canza kama idan hasken la'asar ya sauka a kansa. Danya tana cikin masu saurin tuɓewa. Kuka ma haka, sai dai ita sau da yawa ba a barinta ta zubar da kanta, domin ƙarshen damina ne lokacin tsinkar ganyen miya. Masu kula a inuwa suke shanya shi don ya riƙe korensa, wanda aka baza a rana yakan koɗe. Aduwa da tsamiya da dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya aka kawo shi, suna nan da ganyensu a wannan lokaci. Ƙasa kuma tana da nata launin: karan gero ya yi fari-fari, ciyawa ta yi ruwan zuma, harawar wake tana kore a kan rassan da aka ɗora ta.

Sai gawo, wanda ya saɓa wa kowa. Da ruwan farko yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara duk damina, sannan a wajen Oktoba, lokacin da sauran ke tuɓewa, shi kuma ya fara tohowa, ya yi fure, 'ya'yansa su nuna a tsakiyar rani. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai har ta tarar da ruwan ƙarƙashi, don haka bai dogara da ruwan sama ba. Manomi ya fi kowa cin moriyar wannan hali. Ganyen yana zuba daidai lokacin shuka ya zama taki, babu inuwar da za ta danne gero, da rani dabbobi su kwanta a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi, saiwar kuma tana ƙara wa ƙasa naitirojin, sinadarin da ake sayen buhun yuriya dominsa. Geron gindin gawo ya fi na fili tsayi da kauri, kowane manomi a yankin ya san haka.

A nan ne kuskuren da ya fi ɓarna yake. Maganar cewa itacen da babu ganye a kansa ya mutu ta zama lasisin gatari. Da damina a nuna gawo a ce ai busasshe ne, da rani a nuna danya a faɗi haka, a sare a kai wa mai gawayi ko a ɗaure a kan amalanke. Wanda ya shiga kasuwar Illela bayan magariba ranar Lahadi ya tarar da rumfa wayam ba zai ce mai ita ya karye ba, kaya ya kwashe ya kai gida, mako mai zuwa zai dawo. Itacen da ya tuɓe ma kayansa ya adana. Gwajin kuma ba ya buƙatar malamin daji. A kankare bawon ƙaramin reshe da farce: idan an ga kore-kore mai danshi, da ransa. A lanƙwasa reshen: mai rai yakan tanƙwaru, matacce ya karye ƙas. Da yawa daga masu saran sun san wannan, sai dai tsadar gas da kananzir ta sa itacen girki ya zama kuɗi a hannu.

Ƙetaren iyaka an nuna cewa barin itace da ransa yana biya. Tun ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, don karya iska. A 1983 kuma wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan sassaben zamani: maimakon a ƙone tohon kututture, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bar su su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 na gonakin kudancin Nijar sun sake samun itatuwa wajen miliyan 200. A Najeriya an kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa a 2015, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Bikin dashen itace da ɗaukar hoto ba a rasa shi kowace damina. Abin da ake rasawa shi ne mai ban ruwa a watan Maris, da mai tsare tsohon gawon da ya riga ya kafu.

Lokacin tafiya Tozai don ganin launin gajere ne. Farkon Oktoba zafin agazari yana nan, ƙasa kuma ba ta gama juyawa ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ne ake haɗa komai a gani ɗaya: geza ta yi ja, gawo ya yi sabon kore, an kai gero rumbu, sararin sama garau. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri sai a matso da ranar, wadda ya yi jinkiri a ƙara mako ɗaya ko biyu. Tambayar mutumin yankin ranar da aka yi ruwan ƙarshe ta fi duba kalanda. Hantsi da la'asar sakaliya ne launi ke fita, da tsakar rana komai yakan koɗe.

Daga Sakkwato zuwa Illela kimanin kilomita 85 ne, ta Kware da Gwadabawa, daga tashar Illela kuma ake neman abin hawa zuwa Tozai. Halin tsaro a gabashi da arewacin jihar ya wajabta tafiyar rana da jin ta bakin mutanen gari kafin a bar babbar hanya. Baƙo ya fara da gaisuwa a ƙofar mai gari, ya nemi ɗan rakiya. Dawa da wake suna gona a wannan lokaci, ba a ratsa su don neman hoto, ba a kuma ɗaukar mutane ko shingen jami'an iyaka ba da izini ba. Mai son leƙawa Birnin Ƙonni ya riƙe takardunsa, ya kuma bincika halin da iyakar ke ciki, domin an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Wanda ya bari sai Disamba zai tarar hazon hunturu ya rufe tuddai, iska ta kakkaɓe yawancin ganyen, dabbobi kuma sun riga sun shiga gonaki.