Abin da ya sa bindigar kaboyi ba ta samu shiga ba a farautar ɓauna

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo ya san bindigar nan ta finafinan kaboyi, wadda ake ɗanawa da wani ƙarfe mai kama da zobe a bayan kunama. In an tura shi ƙasa sai kwanso ya fita, in an dawo da shi sai sabon harsashi ya shiga. Amma Turawan da ke zuwa farauta a dazuzzukan da ke kewaye da Benuwe, Faro da Buba Njida a arewacin Kamaru, da wuya a ga ɗayansu riƙe da ita. Dalilin kuwa yana ga harsashi.

Bindigar 'yar Amurka ce. Kamfanin Winchester ya yi suna da samfurin 1873, sannan da na 1894 wanda John Browning ya tsara, aka ƙera fiye da miliyan 7. Sanannen harsashinta, .30-30, ya fito a 1895. Faɗinsa kusan milimita 7.6 ne, nauyinsa kuma giram 10 zuwa 11. Wannan ya ishi mai harbin barewa daga kusa. Ɓauna kuwa, wadda takan kai kilo 500, ga kaurin fata ga ƙarfin ƙashi, ta fi ƙarfinsa.

Akwai kuma matsalar ƙira. Harsasan suna jere ne cikin wani bututu a ƙarƙashin bakin bindigar, kan wannan a gindin wancan. Idan kan mai tsini ne, girgizar harbi na iya sa ya daki wurin da ke tayar da albarushin na gabansa. Shi ya sa aka saba sa mata masu dasasshen kai, waɗanda gudunsu ke saurin raguwa.

Samfurin Winchester na 1895 ya kauce wa wannan, domin harsasansa a akwati suke. Shi ne tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya tafi da shi gabashin Afirka a 1909, ya harbi zakoki da harsashin .405. Duk da haka ya riƙe wata babbar bindigar Ingila mai baki biyu saboda giwa da karkanda.

Abin da ya kama kasuwar Afirka shi ne matsakaicin harsashi a cikin bindiga mai sakata, irin ta Mauser. A 1905 wani maƙeri a Berlin, Otto Bock, ya fito da 9.3x62 domin Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka, lokacin Kamaru na cikinsu. A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375, mai faɗin milimita 9.5 da nauyin kusan giram 19. Yana ratsa ƙashi, kuma naushinsa a kafaɗa bai fi ƙarfin mai harbi ba. Ƙasashe irin su Tanzaniya sun hana farautar ɓauna ko giwa da abin da bai kai .375 ba, domin ɓaunar da aka raunata ba a kashe ba, ita ce ke juyowa kan mai bin sawu ko manomin da ta ci karo da shi.

A nan ne maganar ta shafi 'yan kasuwa. Baƙon maharbi da takardar izini yake shigo da bindigarsa da harsasansa. Yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Abuja a 2006, da ta Kinshasa ta 2010 ta ƙasashen tsakiyar Afirka, duk sun sa harsashi a sahu ɗaya da makami. Idan 'yan duwan ko jandarma suka same shi a lodinka babu takarda, cewa "na farauta ne" ko "saƙo aka ba ni" ba zai fid da kai ba. Don haka duk ƙullin da aka ce ka tsallaka iyaka da shi, a buɗe shi a gabanka tukuna.