Irin Koton Da Ke Kama Babban Giwan Ruwa

'Yan'uwa manoma, idan an gama girbi, da yawa cikinmu da ke zaune kusa da Kogin Binuwai, ko Kogin Kwara, ko Tafkin Kainji sukan koma su. Wani sai ya wuni a bakin ruwa da fatsa, ya dawo da 'yan ƙanana da ba su isa miya ba. Sau da yawa laifin koto ne.

Giwan ruwa mafarauci ne. Ba ya cin dusa ko ganye. Ƙananan kifaye yake bi, irin su kawara da karfasa. Yakan kai tsawon mita 2, nauyi kuma har kilo 200, ko da yake ba kasafai ake samun irin wannan ba. 'Ya'yansa suna zama cikin ciyayin bakin ruwa. Manyan kuwa sukan laɓe a wuri mai zurfi, a gindin duwatsu da itatuwan da suka nutse. Saboda haka koton da zai kama babba dole ya yi kama da kifi, ya kuma isa can ƙasa.

Ga iri uku:

1. Cokali. Ƙarfe ne mai ƙyalli da ƙugiya a wutsiya. Idan ana jansa, yana walƙiya kamar kawara mai gudu. Ya fi aiki a ruwa mai haske. Kana iya yin naka da tsohon cokali: yanke mariƙin, ka huda shi gaba da baya.

2. Kifin ƙarya na katako ko roba. Yana da leɓe a gaba wanda ke sa shi nutsewa yana kaɗa jiki. Mai dogon leɓe ya fi zuwa ƙasa. A ruwa mai laka, inda kifi ba ya gani sosai, motsin ne yake ji ya biyo. A ja shi a hankali a bayan jirgi.

3. Kifi mai rai. Karfasa mai girman tafin hannu, a maƙala mata ƙugiya a baya yadda za ta yi ta iyo.

Ku tuna, ƙaramin koto ƙaramin kifi yake jawowa. Ku fita da asuba ko gab da almuru, lokacin da giwan ruwa ke farauta. A ɗaura 'yar waya tsakanin koto da igiya, don haƙoran tsage da kaifin kumatun giwan ruwa suna tsinka igiya.

Kifin ƙarya na kanti yana da tsada, kuma yakan maƙale a itace ya ɓace. Ƙungiya tana iya sayen kaɗan, a riƙa ba da aro bi da bi.

Wanda ya kama ƙarami, ya mayar da shi ruwa ya girma ya hayayyafa. In mun cinye ƙanana bana, me za mu kama baɗi? Ku tattauna wannan a taronku na gaba.